Zanen gari a bakin ƙofata

Shekaru masu yawa baya, ina ɗaliba a Lyon, ina haya a wani bene a Bron, can gefen birnin, na sha tsoron da har yau ban sake shan irinsa ba.

Wata safiya cikin Afrilu, saura mako biyu jarrabawa, na buɗe ƙofa sai na ga an yi zane da farin gari a ƙasa, ɗigo-ɗigo da layuka masu naɗe juna. A saman ƙofar kuma an rataya ganye a zare. Ni 'yar Damagaram ce, tun ina ƙarama an ja mini kunne: abin da aka ajiye a bakin ƙofa ba a tsallake shi, ƙafa ce ke shanyewa.

Na fi awa biyu a tsaye ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci. Daga baya na ɗebo ruwa a bokiti, na sheƙa daga ciki, na share. Amma garin fita sai na taka jiƙaƙƙen wurin. Shi ke nan! Ban nufi makaranta ba, jirgin ƙasa na hau zuwa Paris wurin kawuna. Duk hanya ina mintsinin ƙafar, ina jin tana nauyi, ina hawaye.

Na tarar da kawu a shagonsa na atamfa a unguwar Château Rouge. Ya saurare ni, ya ce, "Ɗiyata, wa kika taɓa ma wa laifi da har zai biyo ki Faransa da sammu? Taso mu tai."

Ya ja ni da ƙafa zuwa shagunan Tamilawa, wasu baƙi 'yan ƙasashen gabas, ni kuwa ina ɗingishi. Wallahi ga zanen nan a ƙofofinsu, mutane na wucewa abinsu. Wani mai shago ya ce yau sabuwar shekararsu ce, garin shinkafa ne, ana yi don maraba da alheri. Nan take ɗingishin ya ɗauke. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Washegari na koma Bron. Sai a lokacin na tuna maƙwabciyata, wata tsohuwa Batamila da nake taya ɗaukar kaya. Na ƙwanƙwasa mata. Ta ce ta ji ƙarar ruwan, ta leƙo ta gan ni ina shara. "Ɗiyata tana can gida, inda ake yaƙi," in ji ta. "Na ga ke ma babu mai yi miki, shi ya sa na yi."

Na ba ta haƙuri, ta karɓa. Yanzu ina ba da labarin ana dariya, amma ni abin yana ci mini rai. Shekara uku muka ƙara a benen nan. Duk sabuwar shekararsu nakan buɗe ƙofa da sassafe in duba. Ba ta sake yi mini ba.