Neman Ruwan Sama a Cork

Shekarar da aka yarje wa mata tuƙin mota a Saudiyya, ni da sauran direbobin gida muka daina cin abinci da daɗi. Hajiyar da nake tuƙawa a unguwar Badi'a ta birnin Riyad tana cikin na farkon da suka karɓo lasisi. Iƙamata kuwa, takardar zamana a ƙasar, saura wata uku ta ƙare, kuma maigida bai ce uffan ba a kan sabuntawa.

A lokacin na shekara biyu ina koyon boko wurin wani ɗalibi mutumin Damagaram, duk Juma'a bayan la'asar a unguwar Dira. Da iyalin suka tashi zuwa Ireland ganin 'yarsu mai karatun likita a birnin Cork, sai maigida ya miƙo mini wayarsa.

"Hajji, tunda ka zama ɗan boko, zaɓa mana otal da wuraren yawo. Hajiya dai ruwan sama take so, khalas, shi ke nan."

Mutanen Riyad ba sa wasa da ruwa. Ko yayyafi aka yi, sai su kwashi shayi da darduma su fita kallo. Na ce a raina, in na samo mata ruwa, na samo wa kaina iƙama.

Juma'a uku muka yi ni da malamina. Ina harhaɗa sunayen a hankali, harafi bayan harafi, yana fassara mini. Duk hoton da na ga rana a ciki, sai in wuce. Wanda na ga laima da jiƙaƙƙen titi, in rubuta a littafina.

"Baba, mutane rana suke nema a can," in ji malam.

"Malam, mu muna da ita har ta kyauta."

Na zaɓi otal a bakin kogi, da wasu ƙauyukan bakin teku masu nisa da gari, don can hadarin ya fi duhu. Na tambayi masallaci, na tambayi halal. Ban tambayi na'urar sanyaya ɗaki ba, don ko ɗakina na bakin ƙofa yana da ita.

Kwana biyu da tafiyarsu saƙon muryar Hajiya ya shigo.

"Hajji, ina ruwan? Ciyawarsu ta ƙone kamar ta bayan gidanmu! Ɗaki kamar tanda, mutanen garin kuma sai murna suke, wai rabonsu da irin wannan rana an daɗe!"

Na fara ɗaure kayana a kwali.

Ashe ba ta haƙura ba. Suka yi hayar mota, ta ce ita za ta ja, suka bi ƙauyukan littafina ɗaya bayan ɗaya suna farautar hadari. Can ta hagu ake tuƙi, hanyoyin kuma akuya biyu ba sa wucewa a jere.

Ranar da na ɗauko su a filin jirgi, na miƙa mata makulli kamar yadda ta saba karɓa. Ta buɗe ƙofar baya ta zauna.

"Ja mu je. Gobe a kai takardunka a sabunta iƙamar."

An yi asarar madubin mota biyu, barcin kwana goma, da laima huɗu da aka manta a otal ba a taɓa buɗe su ba. Ni kuma ba a sake ba ni zaɓen otal ba.