Hannun Daman Kawu Mai Fenti

Kawuna mai rubuta alluna ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan sana'a a wani ɗan shago a ƙarƙashin benen teloli. Duk wanda ya buɗe kanti ko kemis ko wurin aski a layinmu, wurinsa yake zuwa. Ba ya ɗaukar rula. Zai ƙanƙance ido ya dubi allon, ya tokare ɗan ƙaramin yatsansa a kan katakon, ya ja layi santal kamar da zare aka gwada. Mahaifiyata, wadda ita ce yayarsa, takan yi masa tsiya wai duk hankalin da Allah ya ba shi a hannun dama ya tare, kan bai samu ko ragowa ba.

Yana da wata ɗabi'a irin ta masu sana'arsa. Babu allon da zai fita daga shagon sai ya rubuta sunansa da lambar shagon a kusurwar ƙasa, da 'yan ƙananan baƙaƙe. Talla ce, alfahari ne kuma. Ko allon "An hana fitsari a nan" bai tsira ba.

Shekarar da famfunan unguwarmu suka yi wata biyar ba ɗigon ruwa, mata suka shirya tattaki zuwa ofishin ruwa da bokitansu wayam. Suka zo wa Kawu da kwali goma sha biyu. Ya rubuta musu MUNA SON RUWA da jan fenti, ya ja baya ya yaba aikinsa, sannan ya sunkuya ya sa wa kowane kwali suna da lambar shago.

Mata sun fi ɗari uku suka fita. 'Yan sanda suka tarwatsa su, suka tsince kwalayen da aka zubar. Sunan mace ko ɗaya ba su sani ba, amma ga sunan namiji har sau goma sha biyu. Washegari da hantsi suka tasa ƙeyarsa, ko buroshin da ke hannunsa ba su bari ya wanke ba.

Wai ɗakin tsarewa ya cika, don haka suka ɗaure hannunsa na dama da ankwa a jikin ƙarfen taga. Kwana uku ya yi a haka. Bayan an samar masa wuri a ciki, duk ranar da za a yi masa tambayoyi sai a mayar da shi tagar. Sunayen matan da suka kawo kwalayen ake so. Ya san su kaf, har da wadda muke katanga ɗaya da ita, amma amsarsa ba ta canzawa.

"Yallaɓai, ni kwali na gani. Ba na kallon matan mutane."

Mu kuma a gida muka yi abin da muka iya, wato roƙo. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Muka kwashi dattawa, muka yi ta zarya ofishin 'yan sanda, muna gaishe da mutanen da ko ɗaga kai ba sa yi. Mahaifiyata tana cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Babban jami'in kuwa kullum maganarsa ɗaya, ana bincike. Sati uku muna durƙuson nan, shiru kamar an shuka dusa. Ranar da aka bar mahaifiyata ta ga Kawu, ta dawo ta zauna a bakin gado ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce yatsunsa sun kumbura sun yi baƙi, kuma ya ce mata biyu daga ciki ba ya jin su.

Wani tela a saman benen ne ya kwatanta mana ofishin wata lauya da ke ɗaukar irin waɗannan ƙararrakin kyauta. Ofishin ɗaki ɗaya ne, fayil-fayil har kan kujerar baƙi. Lauyar ta dubi mahaifiyata.

"Mama, kwanansa nawa a hannunsu?"

"Ashirin da biyu, 'yar nan."

"An kai shi gaban alƙali?"

"A'a. Muna dai bin su a hankali, kada mu fusata su."

Lauyar ta ajiye biro. "Mama, tsarin mulki bai yarda a riƙe mutum haka ba a kai shi kotu ba. Su ne suka taka doka, ku kuma kuke ba su haƙuri."

A ranar ta shigar da ƙara. Ta nemi a kawo shi kotu, a bar likita ya duba hannun, a kuma bayyana cewa tsarewar ta saɓa wa doka. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe ban san kotu ba.

Zaman farko lauyan gwamnati bai zo ba, aka ɗage sati biyu. Zama na biyu ya zo fes da shi, yana ƙamshin turare, ya ce fayil bai iso teburinsa ba. Aka sake ɗagewa. A na uku aka ce motar da za ta kawo Kawu ba mai. Motar da ta samu man zuwa kama shi cikin kwana ɗaya! Lauyarmu ta miƙe.

"Ya mai shari'a, mutumin nan da hannunsa yake ci. Kowace ɗagewa daga hannun nan ake yankar ta."

Alƙalin ya ce ko a kawo shi gobe, ko babban jami'in ya zo da kansa ya yi bayani. Sai ga mai ya samu.

Kwana na sittin da takwas aka shigo da shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari, ya rungume hannun a ƙirji. Lauyan gwamnati ya ɗaga kwali ɗaya a matsayin shaida, ya ce rubutu ne mai tunzura jama'a. Alƙalin ya gyara tabarau ya karanta.

"Muna son ruwa. To, ni ma ina so. Wace doka ce wannan ya karya?"

Lauyan ya shiga jujjuya takardu. Hukuncin bai ci minti ashirin ba. Alƙalin ya ce an take wa Kawu haƙƙin walwala da na faɗin albarkacin baki, a sake shi nan take, a kuma ba shi haƙuri a rubuce. Minti ashirin ɗin nan ne aka ja mana har kwana arba'in da shida, ban da ashirin da biyun da muka ɓatar da kanmu. Likitan da ya duba shi daga baya ya ce da an kawo shi a watan farko, da wataƙila jijiyar ta dawo.

Amma a ranar ba mu san wannan ba, murna muke. Aka kai shi teburin akawu don ya sa hannu a takardar sallama. Ya ɗauki biron, ya suɓuce. Ya sake ɗauka, ya danne shi da babban yatsa, ya sake suɓucewa ya gangara ƙarƙashin tebur. Mahaifiyata ta kau da kai. Akawun ya duba agogo, ya jawo kwalin tawadar dangwale daga durowa ya tura masa.

"Ba komai, Baba, dangwala kawai. Da ka faɗa tun farko ba ka iya rubutu ba."