Dattijon da ke danna motar da ta kife

A bayan filin tseren motoci na hango shi, gajeren dattijo sanye da rigar kamfanin da ke ƙera shokozoba, ƙarfen nan da ke rage wa mota girgiza, baƙin mai ya cinye rabin rubutun ƙirjinta. Janwe ya sauke wata mota da ta kife a kwana, rufinta ya lotsa. Kowa na leƙen kujerar direba, shi kuwa tayar gaba ya nufa.

Yana ɗora tafukansa a kan motar, ya danna da duk nauyinsa, ya saki. Haka masu sana'arsa ke gane lafiyar shokozoba: in mota ta taso sau ɗaya ta tsaya, to ƙalau take. Ta taso sau ɗaya, ta tsaya cak.

"Baba, ka gani, ba daga wajenmu ba ne," in ji abokin aikinsa.

"Da safe direban ya ce mini tana ja gefe," in ji dattijon. "Na ce masa tsoro ne kawai."

Ina jin hannun nan bai taɓa yi masa ƙarya ba. Motar asibiti tana fita da direban a hankali, babu jiniya. Dattijon ya sake danna motar da ta kife.