Wanzamin Urafane da Baƙo

A kasuwar Urafane, Na Allah wanzami yakan yi aski yana ba da labaran kisan kai, kuma kullum baƙo ne mai laifi.

Zamanin soja, shekarar da gero ya ƙone tsaye, aka tsinci gawar wani manomi bakin rijiya. Jama'a suka damƙe Zakari, makiyayin da fari ya koro daga Issawane.

"Baba, ba kai ka ce kullum baƙo ne ba?" in ji wani saurayi ga Na Allah, yana ɗaga sanda zai bugi Zakari.

Na Allah ya rungume Zakari, ya kare shi da jikinsa.

"Ɗana, wancan zancen aski ne! Wannan rai ne."

Bai sake shi ba har jandarmomi suka iso. Tun ranar, shiru yake aski.