Malama Tafi

Shekara talatin maƙwabciyata ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya. Kowa Malama Tafi yake ce mata, kuma ba don tana korar mutane ba.

A shekararta ta farko, ranar buɗe makaranta, ta bi benci-benci tana tambayar suna, har ta zo kan 'yar wani tela mai in'ina. Yarinyar ta kama harafin farko, sai ta maƙale. Aji ya ɗauki dariya, ita kuwa ta jawo jakarta tana kallon ƙofa.

"Ku tsaya," in ji Malama. "Ni mantuwa gare ni. Sunan da aka faɗa mini haka kawai, kafin a tashi ya gudu. Rera mini za ku yi, da tafi."

Ta fara da nata, gaɓa-gaɓa, da murya kamar ƙyauren da ya manta da mai.

"Malama, ki yi mana rai!" in ji wani daga baya.

Dariya ta koma kan Malama. Kowa ya rera nasa, aji ya amsa. Da aka zo kan 'yar tela, suna ya fito sumul, tafi uku, na ƙarshen da sauri. Washegari ita ta riga kowa zuwa.

Yanzu Malama ta yi ritaya, gani ya ragu. Kwanaki na raka ta asibiti. Likitar ido ta dube ta, ta ajiye biro, ta tafa sau uku.

Malama ta karkata kai. "Ke 'yar nan, har yanzu kina saurin na ƙarshen?"