Rami na Biyar

Kawuna mai yankan makulli ne, kuma duk layinmu babu matsoraci kamarsa. Kare, tsani, tsallaka titi, kai, har zakaran maƙwabta, duk tsoronsu yake ji. Shagonsa ɗan lungu ne ƙarƙashin bene, da teburi guda, da magagari uku, da makullai rataye a ƙusoshi.

A wuyansa yake rataye ma'auninsa, wani ɗan farantin ƙarfe mai ramuka goma, kowane rami da lambarsa. A nan yake zura sandar makullin tsohuwar kuba don ya san kaurinta. Lamba na hawa, rami na ƙara tsukewa. Bai taɓa ɗaukar magagari ba sai ya auna sau uku, shi ya sa muke kiransa Kawu Sau Uku. Yakan ce, "In sanda ta yi kauri ba ta shiga, in ta yi siriri sai ta yi rawa a ciki ta karye."

Ni dai haƙurina kaɗan ne. Ran da nake neman makulli na biyu na ɗakin gugata, na gaji da awonsa, na fisge abina na kai wa mai inji a bakin kasuwa. Minti biyu ya miƙo min. Har da dawowa na kaɗa wa Kawu shi a fuska.

Wata rana da hantsi ina guga, na leƙa tsakar gida kwaso shanya. Sai na ji ƙaras! Autata, 'yar shekara uku, ta murɗa makulli ta ciki, ta zare, ta jefa bayan kabad. Ƙofar ta ƙarfe ce, taga kuma da sanduna. Dutsen guga cike da garwashi yana zaune a kan bargo.

Na ɗauko na mai inji na zura. Ya yi rawa a ciki, na murɗa da ƙarfi, sai ga rabinsa a hannuna.

Ban san da wace ƙafa na isa shagon Kawu ba. Ina faɗa masa, mutumin da ke jira titi ya zama fayau kafin ya tsallaka, ran nan tsakanin motoci ya ratsa, jakarsa a hammata. Muka tarar maƙwabta na dukan ƙofa da taɓarya, ko gezau. Ƙaurin bargo ya fara fitowa ta ƙasa, Auta na tari tana kiran, "Mama, buɗe!"

Kawu ya durƙusa, ya zaro guntun da hantsaki, ya zura a ma'auni. Rami na shida ya shige.

"Ba nata ba ne," ya ce. "Kubar nan biyar ce."

Ɗanyen makulli, wanda ba a yanka wa haƙora ba, mai lamba biyar guda ɗaya tak ya rage masa. Ya zura shi a rami, ya zare, ya sake zurawa.

"Kawu, don girman Allah yanka! Yarinyar za ta mutu!"

"'Yar nan, in na ɓata wannan, ba ni da wani."

Ya auna na uku. Wallahi a lokacin na tsane shi. Ya haɗa guntayen biyu a kan gwiwarsa, ya jera ɗanyen a gefensu, ya shiga goga haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, amma hannun ko motsi na banza bai yi ba.

Sai tarin ya tsaya. Na manna baki a ƙofa ina kiran Auta, shiru. Na shiga dukan ƙofar da tafin hannu.

Kawu ya hure makullin, ya zura a hankali, ya murɗa da yatsu biyu. Ƙaras!

Tana kwance a bayan ƙofa, hancinta a 'yar kafar da iska ke shigowa. Na sure ta na yi waje, ta ja numfashi, ta tsala ihun da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Maƙwabta suka sheƙa wa bargon ruwa.

Da na waiwayo, Kawu na zaune daɓas a ƙasa, kofin ruwan da aka miƙa masa ya suɓuce ya faɗi. Na durƙusa na ce, "Kawu, ashe kai ma ka tsorata?"

"Shekara arba'in ke nan," ya ce, "duk makullin da na ɗauka, sai na ga kamar akwai wani a bayan ƙofar."