Ɗan sarkin da ya karɓi hawasha

A wani ƙauyen Hausawa kusa da Sinnar, can gabas kan hanyar Makka, Salihu ne mai karanta wa mutane wasiƙa. Manomin auduga ne kamar kowa, sai dai ya yi shekara huɗu a makaranta, ya iya Larabcin takarda. Abin da aka san shi da shi, ba ya ƙari ba ya ragi. In wasiƙa ta zo da rasuwa, rasuwar zai faɗa. Da wannan suna yake tinƙaho, har shekarar da wani direban lori ya bar masa tsohon littafi marar bango.

Labarin wani ɗan sarki ne da ya fita neman dutse mai tafiya, ya ratsa ƙasar aljanu shekara bakwai. Salihu ya raina littafin tun farko. Kowa a ciki cin abinci yake, ba wanda ya taɓa riƙe fartanya. Amma sau biyu ya karance shi. Shi da bakinsa yake cewa, "Ina bisa jaki ina kushe shi, har jakin ya wuce gida da ni ban sani ba."

Da tsofaffi suka ji, suka ce ya riƙa juya masu shi da Hausa bayan la'asar. Iya Talatu ce ke fara zuwa da tabarmarta. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka tsaya nan su yi damina ɗaya. Shekara arba'in ke nan.

Ƙarshen littafin ne Salihu ya fi tsana. Aljani ya ɗauki ɗan sarki ya dire shi gida cikin ƙiftawar ido, ba a sake ko ambatar waɗanda suka ba shi masauki a hanya ba. Ran da aka kai wurin, Salihu ya dubi Iya Talatu, ya dubi shafin, bakinsa ya ƙi. Sai ya ji kansa yana cewa ɗan sarki ya iso bakin wani kogi, ya sallami aljani, ya karɓi hawasha, wato gonar ban ruwa, ya yi aure ya zauna. Har da lokacin ba auduga ruwa ya sa.

Washegari Iya ta kawo wasiƙar ɗanta Sambo daga garin Abu Hujar. Salihu ya riƙe ta, ya kasa buɗewa. In ya faɗi gaskiya, wa zai sake ba shi amanar takarda?

"Iya, jiya ƙarya na yi maku. Ba haka littafin ya ce ba."

"Ɗan nan, ka ɗauka ba mu sani ba? Wane ɗan sarki ya san ranar ban ruwa? Kuma tun daga bakin kogi ba ka juya shafi ba."

Ta sa shi ya faɗi ƙarshen na gaskiya. Ta saurara, ta ce shi ma ba laifi, ko ba komai wani ya koma gida. Sannan ta nuna wasiƙar da haɓa.

"Wannan kam karanta ta yadda take. Kada ka ba Sambo hawasha."

Ya karanta mata ita kalma kalma, yatsansa bisa layi, don ta gani.